FILIN MANOMA: MOTAR DA BA TA RIƘE SILO

Duk wanda ya zauna bakin titi a Ƙafin Maiyaki da kaka, ya ga yadda arzikin kudancin Kano ke wucewa. Masara ta fito daga Doguwa, shinkafa daga Tudun Wada, dawa da rake daga ƙauyukan Kiru, duk su biyo hanyar nan su ɓulla Kwanar Dangora. Daga can waɗansu su miƙe Kano, kasuwar Dawanau, waɗansu kuwa su juya Zariya. In rani ya kama kuma sai tumatir da albasa da tattasai su karɓi hanya, domin tun da aka gama dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya zauna da gindinsa a wannan yanki.

Amma babbar mota ba ta shiga gona. Abin da ke ɗauko kaya daga bakin kunya ya kai su bakin kwalta, galibi tsohuwar a-kori-kura ce, kuma da yawa daga cikinsu Peugeot 504 ne, wadda kowa ya sani da sunan Fijo. An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968. Masana'antar Kaduna kuwa ta fara harhaɗa motocin Peugeot cikin 1975, ta yi ta fitar da 504 har bayan shekara ta 2000, sa'ad da Faransa ta daɗe da barinta. Waɗansu da ke kan hanya yau sun girmi direbobinsu. Ba laifi, da tsohuwar zuma a ke magani. Sai dai tsohuwar mota tana da cututtukan tsufa, wanda ya fi damun masu ita kuwa shi ne rashin silo.

Silo shi ne numfashin inji sa'ad da mota ke tsaye, an ɗauke ƙafa daga totur. Lafiyayyen inji ya kan yi ta kaɗawa a hankali bai ɗaya, har a ɗora kofin shayi kan bonet bai zube ba. Marar lafiya kuwa sai a ji ya hau, ya sauka, ya yi rawar ɗari, ya yi kamar zai mutu ya farfaɗo, ko kuwa ya mutu ɗungum da zarar an taka kuloci.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan ƙaramin abu ne, tun da mota tana gudu in an taka ta. To, a ɗauka manomi ya tsinke tumatirinsa da yamma, ya yi lodi da asuba don ya riski kasuwa kafin rana ta ɗaga. A kowane rami, a kowane shingen hanya, in direba ya rage gudu sai inji ya mutu. Batir ya tsufa, bugu uku ya gaji, sai a sauka a tura. Tafiyar awa ɗaya ta zama ta awa huɗu, rana ta dafa tumatir cikin kwando, ya isa kasuwa dillalai sun riga sun sallami masu saye. Wannan hasarar kuɗi ce kawai. Akwai wadda ta fi ta. Motocin nan suna da tukunyar birki wadda ke samun ƙarfinta daga zuƙar inji. In inji ya mutu a gangare, taku ɗaya ko biyu ƙarfin nan ya ƙare, birki ya sandare kamar dutse, ga lodi a baya yana turowa. Wanda ya san hanyar dajin Falgore ya san ba wurin da mutum zai so motarsa ta mutu ba ne, balle da dare.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN INJI

Inji na fetur abu uku ya ke bukata. Na fari abinci, watau fetur gauraye da iska. Na biyu wuta daga fulogi, a daidai lokacinta. Na uku matsi, watau fistin ya matse abincin nan cikin silinda ba tare da ya sulale ta wata kafa ba. In ɗaya ya raunana, a silo a ke fara ganewa.

Ga dalili. Kafireto shi ne mai damun inji. Kamar yadda mai fura ke auna nono da ruwa, haka shi ke auna fetur da iska, wajen kashi ɗaya na fetur cikin kashi 15 na iska in an bi nauyi. Sa'ad da mota ke gudu, ƙofar totur a buɗe ta ke, iska na kwarara da yawa, fetur na fitowa ta babban jet. In an sami 'yar ɓaraka a lokacin, ba a ji, kamar a zuba kofin ruwa ne cikin randa. Amma a silo ƙofar nan kusan a rufe ta ke. Ɗan abin da inji ke samu ta wata 'yar kafa ya ke zuwa, wadda a ke kira jet ɗin silo, faɗin raminta bai wuce rabin milimita ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Kuma tun da ƙofa a rufe ta ke, fistin huɗu na zuƙa da ƙarfi, duk inda aka sami tsaga sai iska ta kutsa ta nan ta tsinka damun.

Silon irin wannan mota wajen juyi 800 zuwa 900 ne a minti ɗaya. Inji mai silinda huɗu ya kan ba da wuta sau biyu a kowane juyi, ke nan wuta wajen 1,700 a minti, kusan 28 kafin a ƙirga daƙiƙa ɗaya. In silinda ɗaya ya daina aiki, rubu'in ƙarfi ya tafi. A guje sauran ukun su kan rufa masa asiri, a tsaye kuwa ba su iyawa.

TAMBAYA KAFIN SIFANA

Bakanike na ƙwarai ba ya fara da kwance kafireto. In mai mota ya zo ya ce, "Sannu da aiki, Malam, motar nan ta hana ni sakat, ba ta riƙe silo," sai ya amsa, "Sannu da zuwa, Alhaji. Da sanyin safiya ta ke yi, ko sai ta yi zafi? Yaushe ta fara? Ina aka sha mai na ƙarshe? Wa ya taɓa ta kafin nan?" Haka mai duba shanu ke tambayar inda sa ya yi kiwo jiya kafin ya ɗauko allura. Amsoshin nan huɗu sun yi rabin aiki.

In ciwon ya faɗo rana ɗaya, bayan an sha mai, a zargi man. In bayan an je gyaran wani abu ne, a duba inda hannu ya taɓa, wataƙila an manta da wani tiyo ko an musanya wayoyin fulogi. In a hankali ya yi ta ƙaruwa wata da watanni, to, cinyewa ce: kwantak, fulogi ko bawul. In da sanyi kaɗai ya ke yi, inji ya yi ɗumi ya daina, a duba cok.

Cok ɗin nan ma'auni ne na kyauta wanda direbobi da yawa ba su san amfaninsa ba. A bar inji ya yi ɗumi, sa'an nan a ja cok kaɗan. In silo ya daidaita, inji yunwa ya ke ji, watau fetur ya yi kaɗan ko iska ta yi yawa. In ya ƙara lalacewa, salansa na fitar da baƙin hayaƙi mai yaji a ido, to, ƙoshi ne ya yi masa yawa. In bai canja kome ba, a koma wajen wuta ko matsi.

Fulogi ma shaida ne. A kwance duka huɗun, a jera su bisa tsarin da aka ciro su, kada a gauraya. Bakin da ya yi launin soyayyar gyaɗa lafiya lau ne. Wanda ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, fetur ya yi yawa. Wanda ya yi fari fat kamar toka, fetur ya yi kaɗan, inji na ƙuna. Wanda ya jiƙe da baƙin mai, ringi ko hanyar bawul ta cinye. In duka huɗun kamarsu ɗaya, ciwon na gaba ɗaya ne, a nufi kafireto ko distiributa. In ɗaya ne ya fita daban, ciwon na silindansa ne kaɗai, kada a wahalar da kafireto.

MAI DA ƘURA

A wannan yanki, abin da ya fi kawo rashin silo shi ne dauɗa. Mai noma can cikin ƙauye ba kullum ya ke samun gidan mai ba, sai ya saya a galan wurin 'yan bumburutu. Ba dukansu ke algus ba, amma jarkar da ta kwana a buɗe ta sha ƙura da raɓa. Tsohon tanki kuma ya kan yi tsatsa daga ciki. Gwajin ba wuya. A zare tiyon da ke shiga kafireto, a tara ɗan fetur cikin farar kwalba, a ajiye ta minti biyar. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za a gan shi kwance a ƙasa kamar ƙwayar ido, tsatsa kuma ta taru ja-ja a gindi. In an ga haka, wanke kafireto kaɗai aikin banza ne, gobe zai sake toshewa. Tilas a sauke tanki a wanke, a sa sabuwar filtar mai, irin 'yar robar nan mai haske wadda a ke ganin cikinta.

Har man gidan mai ya kan zo da nasa. Cikin watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur ƙasar nan wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa, motoci da dama suka lalace kafin a janye shi. Irin wannan mai yana jan ruwa, yana kuma cin robar da ke cikin famfon mai da bakin allurar kafireto.

Sai ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, motar da ke bin hanyar burji ta kan cika matatar iskarta cikin 'yan makonni. Matata in ta toshe, inji ya shaƙe, ya yi ta shan fetur da baƙin hayaƙi. Abin da waɗansu ke yi sai su cire matatar su jefar, su ce ai mota ta sami numfashi. Lalle ta samu, amma ƙura yashi ce mai laushi, in ta gauraya da baƙin mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi da silinda. Wanda ya yi haka ya tsere wa kuɗin matata ya faɗa kuɗin sauke inji.

Jet ɗin silo a yawancin kafireto daga waje a ke kwance shi da sukundireba, ba sai an sauke kafireton ba. A ɗaga shi wajen haske. In ba a ga rana ta cikinsa ba, a wanke da fetur mai tsabta, a hura da famfon taya. Kada a soka masa allura ko wayar birkin keke. Tagulla ce mai taushi, sau ɗaya aka soka rami ya faɗaɗa, daga ranar motar ta zama mashayiya, ba kuwa mai mayar da ramin yadda ya ke. Waɗansu kafireto kuma suna da wata 'yar na'ura mai waya ɗaya a kan jet ɗin, aikinta ta rufe mai in an kashe makulli. In wayar nan ta zare ko ta yi tsatsa, mota za ta tashi, za ta yi gudu, amma ba za ta yi silo ba ko na daƙiƙa. A kunna makulli, a taɓa wayar a bakinta a ɗauke, in tana da rai za a ji ƙas. An sha sayen kafireto sukutum saboda wannan 'yar waya.

In kuwa ƙoshi ne, a duba kwanon kafireto. Cikinsa akwai wani ɗan tulu mai yawo bisa fetur, in kwano ya cika sai ya tura allura ta rufe hanya. In tulun ya huje ya nutse, ko allurar ta cinye, mai ya yi ta ambaliya, a ji warinsa, a ga jikin kafireto a jiƙe. Wannan ba abin da za a bari sai bayan kasuwa ba ne, domin gobara ce ke jira.

ISKAR ƁARAUNIYA

Wannan ita ce mai wahalar ganewa, ita ce kuma ta fi sa a yi ta kashe kuɗi a banza. Duk iskar da ta shiga inji ba ta ƙofar kafireto ba, ba a auna mata fetur ba. Alamarta silo ya yi ta hawa da sauka, ko ya ƙi sauka sam, wani lokaci a ji 'yar ƙara siii kamar ta maciji.

Ƙofofinta sanannu ne. Akwai gasket da ke ƙarƙashin kafireto, da wanda ke tsakanin manifol da kan inji. Akwai siririn tiyo da ke tafiya wurin distiributa, da babban da ke tafiya tukunyar birki. Zafin bazara ya kan busar da roba ta tsattsage, galibi a bakin da ta kama ƙarfe, ta ƙasa inda ido ba ya gani. A lanƙwasa kowane tiyo da hannu a duba.

Ga dabara biyu. A sami tiyo mai tsawon kamu biyu, a kafa baki ɗaya a kunne, a bi da ɗayan kewayen gasket ɗin, inji na aiki. Inda ƙarar ta yi tsini, nan ne. Ko kuwa a huda murfin gorar roba, a riƙa tsiyaya ruwa kaɗan kaɗan a kan mahaɗar. Ruwan zai toshe tsagar na ɗan lokaci, sai a ji muryar inji ta canja. Waɗansu da fetur su ke wannan gwaji. Yana nunawa, amma fetur a kan inji mai zafi, kusa da wayoyin wuta, ganganci ne. A kuma yi hankali da fanka, ta kan kama hannun riga, mai babbar riga ya tuɓe ta tukuna.

Tukunyar birki tana da nata gwaji. Mota na silo, a taka birki a riƙe. In inji ya fara rawa ko ya mutu, an ɗaga ƙafa ya dawo, to, fatar da ke cikin tukunyar ta yage. A matse tiyonta da filaya, in silo ya daidaita an kama ɓarauniya. Nan ma akwai mugun gyara, a cire tiyon a toshe shi da kusa. Silo zai dawo, amma an sayar da birki an sayi silo.

Ƙofa ta ƙarshe tsufa ce zalla. Sandar da ke juya ƙofar totur ta kan cinye mazauninta bayan shekaru. A kama ta a girgiza, in tana motsi sama da ƙasa iska na shiga ta nan, kuma kowace ɗaga ƙafa ƙofar a wani wuri dabam za ta tsaya. Shi ya sa silon yanzu ba ya zama irin na ɗazu. Ba sukurun da zai gyara wannan, sai a sa wa sandar sabon mazauni, ko a nemi wani kafireton a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Mai saye ya girgiza sandar tun a shago, kada ya sayo irin ciwon da ya baro a gida.

WUTA

Kanikawan da suka daɗe a sana'a sun san ciwo da yawa da a ke ɗora wa kafireto na wuta ne. Don a gane silindan da ke barci, a bar inji na silo, a riƙa zare wayar fulogi ɗaya ɗaya da filaya mai hannun roba, domin wutar ta haura bolt 10,000. Wadda aka zare inji ya ƙara raunana, silindanta na aiki. Wadda aka zare ba abin da ya canja, an sami mai barcin. Sai a musanya fuloginsa da na maƙwabcinsa. In ciwon ya bi fulogi, fulogi ne. In ya tsaya, a musanya waya. In har yanzu yana nan, matsi ne. Wannan gwaji na motoci masu kwantak ne, a kan masu wutar zamani yana iya ƙona na'ura.

A 504 fulogi can cikin rami su ke, a tsakiyar murfin inji. In robar ramin ta mutu, baƙin mai ya kan taru ya kewaye fulogi, wuta ta bi man ta gudu. A leƙa da tocila, a tsane da tsumma. Tazarar bakin fulogi wajen milimita 0.6 ce, ta kwantak kuwa 0.4, a auna da ma'aunin tazara, ba da ido ba. Kwantak yana cinyewa a hankali, bakinsa na matsewa, lokacin wuta kuma na ja da baya. In fuskarsa ta yi ƙuraje ko ta ƙone da wuri, kwandensa ce ta mutu, a sake su tare. Murfin distiributa kuma a duba cikinsa, in an ga siririn baƙin layi kamar zanen fensir, hanyar da wuta ta yi wa kanta ce, murfin ya gama aiki. Irin wannan ya fi tashi da damina ko da safiya mai raɓa. Wanda ya ɗaga bonet da duhu, inji na aiki, wani lokaci da idonsa zai ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga tsohuwar waya. Bi da bin wutar 1, 3, 4, 2 ne, in an musanya waya biyu mota za ta yi ta harbi. Bayan an sake kwantak lalle a sake saita lokacin wuta, domin taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan.

MATSI

In abinci da wuta sun fita daga zargi, saura matsi, nan ne kuɗi ke fita. Amma kafin a firgita a duba tazarar bawul, inji da sanyi. A wannan inji na shiga wajen milimita 0.10 ne, na fita 0.25. Bawul ɗin da aka ɗaure da yawa ba ya rufewa sosai, matsi ya sulale, daga baya bakinsa ya ƙone. Direba ya kan ji daɗi in inji ya yi tsit ba ƙas-ƙas, alhali 'yar ƙarar nan ta fi shirun alheri.

A kara takarda a bakin salansa. In iska na tura ta waje kullum, da sauƙi. In tana tsotso ta jefi jefi, a zargi bawul ɗin fita. Tabbaci sai da agogon auna matsi. Silinda huɗun su zo kusa da juna, in ɗaya ya gaza sauran da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin goma, a zuba masa cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In ya hau, ringi ne. In bai hau ba, bawul ne ko gasket ɗin kai. Shi gasket ɗin kai ya kan tona kansa: ruwan lagireto na raguwa yana kumfa, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa. In ta kai ga ɗaga kan inji, mai mota ya sani silindan 504 hannun riga ne da a ke zura su, in aka juya inji ba a danne su ba sai su ɗaga, ruwa ya sami hanyar shiga mai.

SAITI DAGA ƘARSHE

Kafireto na da sukuru biyu na silo, ɗaya na sauri, ɗaya na awon fetur. Su ne abin da kowa ke fara murɗawa, su ne kuwa ya kamata a taɓa daga ƙarshe. Abin da aka saba, in mota na mutuwa sai a ɗaga na sauri har ta riƙa kuka a tsaye. Ciwon na nan, an dai rufe shi da ƙara. Giya ta riƙa gurnani wajen shiga, inji ya yi ta zafi, an kashe makulli ya ci gaba da tari. Injin da ke silo daidai ma ya kan sha kusan lita ɗaya a awa, balle wanda aka ɗaga. Da can ba a damu ba. Amma tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, cikin 2024 kuma ta haura 1,000. Motar da ke tsayawa awa biyu a kunne wajen lodi, don ana tsoron in an kashe ba za ta tashi ba, mai ita ya lissafa abin da ta ci masa a kaka guda.

Ga yadda a ke saitin. A yi shi a fili, ba cikin rufaffen shago ba, domin hayaƙin salansa na kisa ba a ji warin dafinsa ba. Inji ya yi ɗumi sosai, cok a mayar, matatar iska a ɗaure. A murɗa sukurun awo ciki a hankali har ya taɓa, kada a matsa, bakinsa tsini ne. A dawo da shi waje wajen juyi biyu, a ta da inji. Sa'an nan a riƙa juya shi rubu'i rubu'i, ana dakatawa ana saurare, har a sami inda inji ya fi sauri da santsi. Daga nan a sauke na sauri zuwa silon da ya dace, a sake taɓa na awo kaɗan. In an juya sukurun awo ciki da waje inji bai kula ba, hanyar silo a toshe ta ke ko iska na shiga, a koma baya. An gama, a kunna fitilu, a taka totur a saki sau uku, a taka birki. In ya dawo wuri ɗaya kowane karo, aiki ya yi.

Mai zuwa Jos ta Doguwa da Saminaka kada ya yi mamaki in silo ya ɗan yi nauyi a can. Jos na bisa tudu wajen mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba, iskar can ta fi sauƙi, saboda haka awon fetur ya kan ɗan rinjaya. In an gangaro zai koma daidai, ba sai an taɓa kome ba. Da bazara kuma, Maris da Afrilu, fetur ya kan tafasa cikin bututu in an tsaya bayan doguwar tafiya. Jiƙaƙƙen tsumman da direbobi ke ɗora wa famfon mai yana da hujja, amma maganin dindindin a nisanta bututun daga salansa.

Duk wannan a yi shi kafin a fara girbi, ba a fafe gora ranar tafiya. Motoci na baya-bayan nan masu injekta ba su da sukurun awo, kwamfuta ke auna musu. Iskar ɓarauniya da fulogi da dauɗar maƙogwaron totur suna damunsu kamar yadda su ke damun tsofaffin, sauran kuwa sai an sa na'urar bincike.

Masu noman rani su sani injin ban ruwa ma ɗan'uwan mota ne a wannan ciwo. In an ji yana hawa yana sauka, wuu wuu, ruwa na fita da tsalle, galibi ƙaramin jet ne ya toshe, gwamnan injin na ta kokawar cike giɓi. Abin da ke toshe shi kuwa shi ne fetur ɗin da aka bari cikin kwano tun ƙarshen rani, ya kwana damina ya bushe ya bar danƙo. Ranar da aka yi ban ruwa na ƙarshe, a rufe makunnin mai inji na aiki, a bar shi ya shanye abin da ke cikin kwano har ya mutu da kansa. Sa'an nan a juye tanki, a zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi, a ja igiya sau biyu, a rufe shi da buhu a ɗaki marar yoyo.